Sukari Ya Fara Hawa: Gyara Tun Daga Akushi

Lacca ga jama'ar Nguru da Gashuwa

 



Maganata a yau ba a kan wanda ciwon sukari ya kwantar ba ce. A kan mutumin da ke yawo da ƙafarsa ce, yana cin kasuwarsa, ba abin da ke yi masa ciwo. Zazzaɓi ya kai shi asibiti, ko gwajin maniyyata aikin Hajji, sai aka ɗiga jininsa a kan na'ura aka ce masa, "Alhaji, suganka ya ɗan hau, sai a kula." Daga nan mutanenmu kan kasu gida biyu. Na farko ya naɗe takardar ya jefa aljihu, ya ce ai shi lafiyarsa lau. Na biyu ya tsorata, ya yi sallama da tuwo, ya aika a sayo masa acca da garin alkama, ya haɗa da jarkar maganin da ake talla da lasifika ranar kasuwa. Dukansu sun kauce hanya. Abin da nake so mu tashi da shi daga wurin nan shi ne: a wannan mataki gyara yana yiwuwa, kuma kayan gyaran suna cikin rumbunmu da fadamarmu. Awo za a canza, ba garin da aka sayo abincin ba.

Me lambar ke nufi?

Na'urorin gwajin suga iri biyu ne. Wata tana nuna ƙananan lambobi irin 5 ko 6, wata tana nuna manya irin 90 ko 110. Abu ɗaya suke aunawa. Idan aka ninka ƙaramar lamba sau 18 za a samu babbar. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba na aƙalla awa 8 aka gwada shi da safe, ƙasa da 5.6 (wato 100) lafiya ce. Daga 7.0 (wato 126) zuwa sama, idan an maimaita gwajin wata rana aka sake samun haka, ciwon sukari ya tabbata. Tsakanin biyun nan akwai wani fili, nan ne mutumin da muke magana a kansa yake tsaye. Ƙungiyar likitocin sukari ta Amurka tana fara lissafin filin daga 5.6, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma daga 6.1.

Akwai wani gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a jini cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 zuwa sama ciwo ne. Sai dai mai cutar sikila ko ƙarancin jini ya gaya wa likita, domin gwajin kan yi kuskure a jikinsu. Haka kuma lambar da aka samu ana tsakiyar zazzaɓi, ko bayan an sha kunu, ba a yanke hukunci da ita. A koma a sake, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Nguru, ko babban asibitin Gashuwa, ko duk inda ke da ɗakin gwaji na ƙwarai.

Cikin mutum 100 da ke wannan fili, kimanin 5 zuwa 10 ne ke tsallakawa zuwa cikakken ciwo kowace shekara idan ba a yi komai ba. Wasu kuwa suna komawa lafiya. Abin da mutum ya yi cikin watannin farko yana da babban tasiri a kan ɓangaren da zai faɗa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Tuwo da shinkafa da burodi da kunu, duk idan sun narke a ciki sukari suke komawa, su shiga jini. Wannan ba aibu ba ne, da shi jiki ke aiki. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukarin nan cikin tsoka da hanta.

Mutanen yankin nan sun san abin da ciyawar kacalla ta yi wa hanyoyin ruwa, tun daga Marma har tafkin Nguru. Ruwa yana zuwa, amma hanya ta toshe: ya malale inda ba a bukatarsa, gonar da ke jiransa kuma ta bushe. Haka kitsen da ke taruwa a ciki da hanta yake yi. Yana hana insulin aiki, sukari ya cika jini, tsoka kuma tana jin yunwa. Fankiriyas ta yi ta ninka ƙoƙari shekara da shekaru har ta gaji. Hawan da aka gani a na'ura alama ce ta fara gajiya, ba ta mutu ba. Idan aka share hanya da wuri, ruwa zai koma magudanarsa.

Me ya sa maganar ta fi shafar mu?

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 a Afirka, miliyan 3.6 a Najeriya. Fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. To wanda aka gaya wa tun yanzu, gata Allah Ya yi masa.

Mu kuma muna da wani dalili na daban. Babu wanda ke zaune a bakin Kumadugu da sai an ba shi labarin ciwon ƙoda. Gashuwa da Jakusko da Nguru sun binne mutane da yawa saboda shi, masana kuma suna ci gaba da binciken musabbabinsa a wannan yanki. Amma abin da duniya ta tabbatar shi ne, sukari da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. Ƙodar da ke fama da zafin Afrilu da ƙarancin ruwa a jiki, bai kamata a ƙara mata wani kaya ba. Duk gidan da ya taɓa ɗaukar mara lafiya zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san abin da hakan ke ci na dukiya da ƙarfi. Ban da ƙoda, sukari yana taɓa ido da jijiyoyin ƙafa da zuciya, yana jawo shanyewar ɓarin jiki, yana rage wa namiji kuzari.

Shaidar da ke hannu

Kada a ɗauka lallashi ne kawai na ma'aikatan lafiya. An gwada abin nan a ƙasashe daban-daban.

A birnin Da Qing na ƙasar Sin, a 1986, an ɗauki mutum 577 da sukarinsu ya fara hawa. Bayan shekara 6, waɗanda suka gyara cin abinci haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 cikin ɗari, masu motsa jiki da kashi 46. Da aka waiwaye su bayan shekara 30, an tarar sun fi sauran tsira daga ciwon zuciya da mutuwar wuri.

A Amurka an yi babban gwaji da mutum 3,234, aka fitar da sakamako a 2002. An nemi kashi ɗaya su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako. An ba wani kashin ƙwayar metformin. Cikin kashi na uku, waɗanda ba a ɗora a kan ko ɗaya daga cikin biyun ba, mutum 11 cikin 100 ke kamuwa a shekara. Cikin masu shan ƙwaya kusan 8. Cikin masu gyaran ci da tafiya ƙasa da 5. Wato ƙafa da akushi sun rage haɗarin da kashi 58, ƙwaya da kashi 31. Dattawa ku saurara da kyau: a waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, raguwar ta kai kashi 71. An samu wannan kashi 58 ɗin a ƙasar Finlan ma a 2001.

Ko wanda ciwon ya riga ya tabbata a jikinsa bai makara ba. A Birtaniya, Farfesa Roy Taylor da Farfesa Mike Lean sun jagoranci wani gwaji da aka bayyana a 2017, a kan masu ƙiba da ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba. Bayan shekara guda, kashi 46 sukarinsu ya koma daidai ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86. An yi wannan ne da abinci na musamman ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, ba abin da mutum zai kwaikwaya shi kaɗai a gida ba ne. Kuma ciwon lafawa yake yi, idan ƙiba ta dawo shi ma ya dawo. Amma gwajin ya nuna mana inda tushen yake.

Mu kawo lissafin gida. Mai kilo 80, kashi 7 ɗin da aka nema a gwajin Amurka bai cika kilo 6 ba. Idan yana sauke rabin kilo a mako, wata uku ya isa. Idan ya ɗauki wata shida ma ba laifi. Sannu ba ta hana zuwa.

A fara da abin sha

Wurin da sukari ya fi shiga jikinmu ba tare da mun lura ba shi ne kofi da kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin gram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo guda mai rabin lita tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Lemon malt da muke kai wa mara lafiya da sunan ƙarin jini, shi ma cike yake da sukari.

Ga teburin mai shayi. Wanda ke shan kofi 3 a yini, kowanne da cokali 4, ya sha gram 48. A shekara ya haura kilo 17, ban da madarar gwangwani da burodin da ke rakiya. Haka zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da fura: su kansu ba su ne matsalar ba, abin da ake zuba musu ne. A rage cokali ɗaya kowane mako har harshe ya saba. A sha zoɓo da citta da kanumfari ba sukari. A lokacin zafi, ruwa ne maganin ƙishirwa, shi ne kuma abin da ƙoda ke so.

Ana yawan tambayata game da zuma. Zuma tana da daraja a addininmu kuma tana da amfani, amma mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne, tana ɗaga na jini. Wanda ya bar sukari ya koma zuba zuma cokali-cokali bai rage komai ba. Haka mazarƙwaila da rake.

Tuwo bai yi laifi ba

Kakanninmu da suka yi dakon buhunan gyaɗa zuwa tasha bayan layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, da masu tuƙa kwalekwale, da masu kaftu a fadama, malmalarsu ta fi tamu girma. Amma kafin azahar sun ƙone ta. Mu mun gaji malmalar, mun bar aikin. Ana ɗaukar mu a keke Napep daga ƙofar gida zuwa shago ko ofis, mu zauna har magariba.

Saboda haka ga tsarin da nake ba da shawara. Tuwo ko burabusko ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci, sau ɗaya ba ƙari. Miya da ganye su fi tuwon yawa: kuka, kuɓewa, yakuwa, rama, alayyahu, lalo, tafasa, zogale. Sannan a samu kifi ko wake ko ƙwai ko ɗan nama. A nan Allah Ya yi mana baiwa. Tarwaɗa da karfasa da mutanen birni ke saye da tsada, a bakin ruwanmu ake kama su. A gasa ko a dafa, a rage suya. Wake kuwa yana riƙe ciki, kuma sukarinsa a hankali yake shiga jini. Idan za a dafa shinkafa da wake, waken ya rinjaya. Wanda ya fara da kwaɗon zogale ko rama kafin ya kai hannu ga tuwo, zai ga ya ƙoshi da wuri.

Gero da dawa abinci ne na ƙwarai, musamman idan ba a surfe su har sun yi fari fat ba, domin dusar nan tana rage saurin narkewa. Duk abin da aka niƙa ya yi laushi aka tace, kamar koko da farin burodi da taliya, ya fi saurin ɗaga sukari. Ita kuwa acca da alkama da ake ta yayatawa, hatsi ne kamar sauran. Wanda ya cinye malmala uku ta tuwon alkama bai fi mai cin ɗaya ta gero lafiya ba, kuɗinsa kawai ya fi kashewa.

A kula da mai. Man gyaɗa da manja ba sa ɗaga sukari nan take, amma suna kawo ƙiba. Masa da ƙosai da fanke suna shan mai fiye da yadda ido ke gani. 'Ya'yan itace a ci su yadda suke maimakon a matse ruwan: yankan kankana, gwaiba, mangwaro ɗaya ba kwano ba. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali guda a yini, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano, saboda hawan jini abokin tafiyar sukari ne. Alkaki da nakiya da dubulan na biki ne, a ɗanɗana a wuce. Malamai da ke nan sun fi ni sanin koyarwar Manzon Allah ta raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Da za mu riƙe ta, da rabin wannan lacca ba ta zama dole ba.

Igiya da ƙafa

Ba kowane gida ke da sikeli ba, amma kowane gida yana da igiya. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai cibiya. Idan bakinta bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, ko da hannu da ƙafa sirara ne. A awon tela, namiji ya yi ƙoƙari kada ya kai santimita 94, mace 80.

Tafiya kuma minti 30 a yini, kwana 5 a mako, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya magana. A ƙasarmu lokacinta bayan asuba ne ko bayan la'asar sakaliya. Tafiyar minti 10 bayan cin abinci tana sauke sukari, don haka a bar al'adar tashi daga akushi zuwa tabarma. A zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa. Iyaye mata da ba sa fita, zagaya tsakar gida da shara da daka duk motsa jiki ne, in dai an yi su da ƙwazo kullum. Wanda ba shi da ƙiba ma tafiyar za ta amfane shi: a Indiya, wani gwaji da aka bayyana a 2006 ya nuna haɗarin ya ragu da fiye da kashi 28 ko da nauyin mutanen bai sauya sosai ba.

Bakin mutane

Abin da ya fi wuya a wannan aiki ba yunwa ba ce, surutu ne. A wurinmu tumbi alamar samu ne. Magidanci ya faɗa kaɗan, sai a fara raɗa: ko karayar arziki ce, ko wata cuta yake ɓoyewa. Mace ta rage jiki, sai dangi su ce mijinta ba ya ciyar da ita. Wannan tunani ne ke kai 'yan mata da amare ga ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu dexamethasone ne ko danginsa. Maganin nan yana kumbura jiki, yana ɗaga sukari da hawan jini. Iyaye, ku sa ido.

Maganin surutu shi ne a faɗi gaskiya tun farko: likita ya ce in rage, ina ragewa. Kuma kada a ware wa mutum tukunyarsa shi kaɗai kamar wanda aka yi wa horo. Ciwon yana bin jini. Abincin da ya dace da maigida shi ya dace da 'ya'yansa. Uwargida, ludayin yana hannunki, ke ce babbar likitar gidan. Maigida, kai ma kada ka ce a yawaita miya da kifi alhali kuɗin cefane bai ƙaru ba. Abin da kake kashewa a lemo da shayin waje, mayar da shi can. Masu ci a tire ɗaya da abokai, ka ja wa kanka iyaka a gabanka, idan ka kai ka tsame hannu.

Waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce

A nan ina roƙon a buɗe kunne. Wanda ke ramewa ba da niyya ba, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari har tururuwa na bi, ga kasala ko gani dishi-dishi, wannan ba rage abinci yake bukata ba, asibiti yake bukata a yau. Yaro ko matashi mai irin waɗannan alamu yana iya zama mai nau'in da sai da allurar insulin, jinkiri kuma yana kisa. A Afirka akwai masu ciwon sukari da yawa da ba su taɓa yin ƙiba ba. Siriri ba a ce masa ya ƙara ramewa. Mai juna biyu ba ta rage nauyi, awo za ta riƙe. Mai ciwon ƙoda kuma yana da nasa tsarin abincin, sai da likitansa.

Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya fara tafiya. Likita ne zai rage masa idan lamba ta sauka. Shan metformin ba gazawa ba ce. A guji jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, domin suna cutar da ƙoda.

Game da azumi, mai shan magani ya ga likita tun cikin Sha'aban. Idan ana azumi sukari ya sauka ƙasa da 3.9 (wato 70), ko ya haura 16.7 (wato 300), ko aka ji rawar jiki da gumi da jiri, a karya. Addini ya yi rangwame. Wanda sukarinsa ya ɗan hau kawai, Ramadan dama ce gare shi, muddin buɗa-baki bai zama ramuwar gayya ba: dabino ɗaya zuwa uku, ruwa, sannan abinci daidai ciki.

Kammalawa

Ga abin da nake roƙon kowa ya yi. Duk wanda ya kai shekara 35, ko yake da tumbi, ko hawan jini, ko mai ciwon sukari a danginsa, ko macen da ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye, ya je a gwada shi da safe kafin ya karya. Wanda aka ce nasa ya hau, ya rubuta lambar da ranar a takarda, ya auna cikinsa, ya cire sukari daga abin sha, ya rage malmala, ya kama tafiya. Bayan wata 3 ya koma a sake gwaji, a duba hawan jini da fitsari. Idan lamba ta sauka, ya ci gaba, ya riƙa komawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan ba ta sauka ba, ya karɓi magani ba tare da jin kunya ba.

Iyayenmu sarakuna da malamai, kalma ɗaya daga fada ko mumbari ta fi laccata goma isa kunnen jama'a. Ku taimaka mana a daina yi wa mai rage ƙiba kallon mara lafiya.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya.